Ranar da Aka Yi wa Maude Zaman Makoki

Maude direba ne a wata makarantar kuɗi da ke Kubwa. Da sassafe yakan zaga unguwanni ya kwaso yara, bayan azahar ya mayar da kowa ƙofar gidansu. A ruga aka haife shi, can bayan Bwari. Iyayensa sun rasu tun bai yi wayo ba, yayarsa ce ta riƙe shi har ya kawo ƙarfi, shi ya sa ko sunanta ba ya iya kamawa, Adda kawai yake ce mata. Ɗaki da falo yake haya a gidan wata dattijuwa Bagwariya, Mama Alice, wadda ta yi aikin magatakarda a kotu kafin ta yi ritaya.

Ranar da naƙuda ta kama matarsa Kubra, likita ya ce haihuwar ba za ta zo da kanta ba, sai an yi aiki, kuma sai an ajiye kuɗi kafin a shiga da ita. Wata bai ƙare ba, aljihunsa babu komai. Yana tsaye a barandar asibiti ya tuna da tallar nan da ke yawan faɗo masa a waya, ta masu ba da rance nan take ba tare da jingina ba. Ya sauke manhajar. Ta nemi hotonsa, ya ɗauka. Ta nemi izinin duba lambobin da ke wayarsa da hotunansa, ya danna ya yarda, bai ko tsaya karantawa ba, don a lokacin nishin Kubra yake ji ta bayan ƙofa. Kafin ma'aikaciyar jinya ta dawo kuɗin sun shigo. Aka yi aiki lafiya, aka samu mace, ran suna aka sa mata Nafeesa. Bayan suna Kubra ta tafi gidan iyayenta a Suleja wanka.

Abin da ya ranta bai taka kara ya karya ba, kuma niyyarsa da an yi albashi ya biya. Sai makaranta ta jinkirta albashi, wai iyayen yara ba su gama biyan kuɗin zango ba. Wa'adin kamfanin ya cika, aka fara kira.

Ranar farko muryar mace ce, cikin ladabi. Washegari wani namiji ya karɓa, mai Hausa a karkace da saurin baki.

"Oga Maude, ka ci kuɗin mutane ka kwanta, ko? Yau za ka biya."

"Don Allah ka yi haƙuri, albashi nake jira. Da ya shigo zan turo."

"Haƙuri ba ya shiga asusun kamfani. Kullum da ka ƙara, kuɗi yana hawa. Muna da lambar ogarka, muna da lambar matarka, har ta limaminku muna da ita. Ka zaɓa."

Maude ya ɗauka barazana ce kawai. Ya toshe lambar, aka kira da wata. Ya toshe, aka sake kira da wata. Yana tuƙi wayar na rawa a aljihu, yana sallah tana rawa a kan darduma. Rannan aka turo masa wata takarda mai tambari, wai sammaci ne, 'yan sanda na hanya. Ya yini yana waiwaye, duk motar da ta tsaya a bakin layi sai gabansa ya faɗi.

Bai gaya wa kowa ba. Kubra na jego, ba ya son tayar mata da hankali. Adda kuwa, ya fi son komai ya same shi da ya tsaya gabanta ya ce ya ci bashi a hannun mutanen da bai taɓa gani ba.

Ranar wata Litinin mai makarantar ta kira shi ofis. Ta juyo masa da wayarta. Hotonsa ne, wanda ya ɗauka a barandar asibiti, ido ya yi ja don rashin barci. A ƙasa an rubuta cewa wannan mutumin ɓarawo ne, ɗan damfara, duk wanda ya san shi ya yi hattara. Ta ce iyayen yara da dama sun samu saƙon, tun da safe ake kiranta.

"Na san halinka, Malam Maude," in ji ta. "Amma yaran mutane kake ɗauka. Ka ajiye makulli tukuna, har ƙurar ta lafa."

Ya so ya ce mata da an biya shi albashinsa da ba a kai nan ba. Sai kawai ya ajiye makullin a kan tebur ya fita. A hanya ya kashe wayar gaba ɗaya, da ya isa gida ya jefa ta ƙarƙashin katifa.

Zama bai gan shi ba. Wani da suka taɓa zama layi ɗaya yana da ɗakin sanyi a kasuwar kifi ta Kado, Maude ya je ya roƙe shi aikin yini. Ya shiga sauke kwalayen kifi daga mota, kafaɗarsa na daskarewa, ana biyansa da yamma. Yakan fita kafin gari ya gama wayewa ba tare da ya gaya wa kowa inda za shi ba.

A rana ta uku da fara wannan aiki, ya sauka daga bas bayan la'asar, duk jikinsa ƙarnin kifi. Tun daga bakin layi ya hango mutane a ƙofar gidan Mama Alice. An shimfiɗa tabarmi a gindin mangwaro, maza na zaune sun yi jugum, ga butoci a gefe. Abin da ya fara zo masa shi ne tsohuwar ce ta cika, ko kuwa wani abu ya samu Kubra. Ya ƙara sauri.

Ladanin masallacin layin ne ya fara ganinsa. Ya miƙe zumbur, carbinsa ya faɗi.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Maude? Kai ne?"

Mutane suka watse daga kan tabarma kamar an jefa musu wuta. Wasu suka ja da baya, wani ya matso ya kama hannunsa yana jujjuyawa.

"Lafiya? Wa ya rasu?" in ji Maude.

Ladan ya zaro waya ya miƙa masa. Hoton nan ne dai. Wannan karon an zagaye shi da baƙi, an rubuta salati a sama. A ƙasa aka ce Allah ya yi wa Maude direba rasuwa a hatsarin mota a hanyar Zuba, ya mutu da bashin mutane a wuyansa, duk mai ƙaunarsa ya biya masa ta wannan asusu don ya samu kwanciyar kabari.

Tun da hantsi saƙon ya shiga wayoyin mutane. An yi ta kiran lambarsa a kashe. Mama Alice ta ce ita dai ta ji fitarsa da asuba, ba ta san inda ya nufa ba. Saƙon ya isa ruga ta wayar Baffa, ƙanin mahaifinsu, shi ya ɗauko Adda a kan babur. A wannan lokacin Baffa da wasu maza suna can suna bin asibitoci, ɗakin ajiye gawa zuwa ɗakin ajiye gawa.

Maude ya shiga cikin gida. Mata sun cika tsakar gidan. Adda na zaune a bakin ƙofar ɗakinsa, ta jingina da bango, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ba kuka take ba. Da ta ɗago ta gan shi, ba ta yi ihu ba kamar sauran matan. Ta dube shi tun daga kai har ƙafa, ta daɗe tana dubansa, sannan ta yunƙura za ta tashi. Ya durƙusa a gabanta.

"Adda, ni ne. Lafiyata ƙalau."

Ta kai hannu ta shafa kansa, kamar yadda take yi yana yaro in zazzaɓi ya kama shi. Can ta ce, "Je ka kira matarka."

Ladan ya ba shi waya. Mahaifiyar Kubra ce ta ɗauka, da ta ji muryarsa ta saki salati, wayar ta suɓuce mata. Sai daga baya ya ji abin da ya faru a Suleja. Kubra ta yanke jiki ta faɗi da jaririya a hannu, Allah ya sa akwai mutane kusa. Da ta farfaɗo, tsofaffin gidan har sun cire mata 'yan kunne, sun fara yi mata bayanin takaba. Da aka kara mata wayar a kunne ba ta iya cewa komai ba, sai "Baban Nafeesa, Baban Nafeesa," tana maimaitawa har muryarta ta dushe.

Da magariba ta gabato aka naɗe tabarmi. Baffa ya dawo daga zagayen asibitoci. Maude ya zauna gaban Baffa da Adda ya faɗi komai tun daga barandar asibiti, kansa a ƙasa.

Adda ta saurara har ya gama. "Don wannan ɗan abin ka bari aka kashe ka da ranka? Ina da karsana. Gobe Baffa ya kai ta kasuwa a ba su kuɗinsu, mu rabu da su."

Mama Alice na tsaye a bakin ƙofa tun ɗazu. Ta jawo kujera ta zauna.

"Adda, ki yi haƙuri in sa baki. Kada ki sayar da saniya tukuna. Waɗannan mutane, in ka biya su da tsoro, gobe za su ce akwai saura." Ta juya ga Maude. "Ɗana, na yi shekaru a kotu. Wannan takarda da ka ce sun turo, kawo in gani."

Ya ciro wayar daga ƙarƙashin katifa ya kunna. Saƙonni suka yi ta shigowa kamar ba za su ƙare ba. Ya nemo takardar ya miƙa mata. Ta sa tabarau, ta duba, ta taɓe baki.

"Babu sunan kotu, babu lambar ƙara, babu sa hannun alƙali. Wannan ba sammaci ba ne, zane ne. Kuma ka sani, bashi ba laifin da ake kama mutum ba ne. Ɗan sanda ba aikinsa ba ne karɓar bashi. In suna son kuɗinsu da ƙarfi, kotu za su je, a kira ka, kai ma ka yi magana."

"Amma Mama, ni na ci kuɗin nan. Kuma ni na danna na yarda su duba wayata."

"Ka ci, kuma za ka biya, ban ce ka gudu ba. Amma bashi daban, mutuncinka daban. Ka yarda su ce ka mutu? Ka yarda su kira ka ɓarawo a gaban iyayen yara? Mutanen da ke cikin wayarka, su suka ci bashin? Ba wanda doka ta ba wannan dama. Kada ka goge komai. Duk saƙon da suka turo, ka ɗauki hotonsa. Ka bi mutane su turo maka nasu."

Wannan shi ya fi yi masa wuya. Washegari ya bi gida gida, wurin ladan, wurin mai shago, wurin mai makaranta, yana roƙon kowa ya turo masa saƙon da ya samu. Kowane gida sai ya sake ba da labarin bashin daga farko. A wasu wuraren ana tausaya masa, a wasu yana ganin yadda ake kallonsa ta wutsiyar ido. Abin da ya ba shi mamaki shi ne mutum nawa suka ja shi gefe suka ce su ma an yi musu, ko an yi wa ƙaninsu, kowa ya haɗiye ya yi shiru.

Mama Alice ta raka shi cikin gari, ofishin hukumar da ke karɓar koken jama'a a kan kamfanoni. Sun yi zaman jira mai tsawo kafin a kira su gaban wata jami'a, Malama Mufida. Ta duba hotunan ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kan sanarwar mutuwar sai ta dakata, ta ɗago ta dube shi.

"Sannu, Malam. Allah ya ba da haƙuri." Ta taimaka masa ya rubuta kokensa, ta ba shi lambar shaida. "Ba zan yi maka alkawarin gobe ko jibi ba, irin waɗannan suna da yawa, wasu ma ba a san inda ofishinsu yake ba. Amma daga yau kana da abin faɗa musu. Ka nemi su rubuto maka abin da ka karɓa da abin da suka ɗora a kai. Kada ka tura kuɗi asusun wani mutum, sai na kamfani, kuma ka riƙe shaidar biya. In kana son neman haƙƙinka na ɓata suna, wannan sai kotu, akwai lauyoyi masu taimaka wa marasa hali."

Suna tsaye a tasha suna jiran bas ɗin Kubwa wayar ta yi ƙara. Baƙuwar lamba. Maude ya dubi Mama Alice, ta gyaɗa masa kai. Ya danna wurin naɗar murya kamar yadda aka nuna masa, ya ɗauka.

"Ah, gawa ta tashi!" in ji mai saurin bakin nan, yana dariya. "Yaya lahira, oga? In ba ka biya yau ba, gobe hoton matarka za mu sa."

Muryar Maude ta fita daidai.

"Ina naɗar maganar nan. Yanzu na fito daga ofishin hukuma, na kai musu duk abin da kuka tura wa mutane. Ban musa bashinku ba, zan biya. Ku rubuto mini abin da na karɓa da abin da kuka ƙara. Ban yarda ku sake kiran kowa a kaina ba. In kuna da magana, ku kai ni kotu, zan zo da ƙafata. Kai kuma, gaya mini sunanka da inda ofishinku yake."

Maude na jin hayaniyar wasu muryoyi a bayan mutumin, kowa na yi wa wani tsawa a waya.

"Oga, ni ma aiki aka sa ni," in ji mutumin, muryarsa ta sauka. Sai ya kashe.

Kiran bai tsaya a ranar ba. An ƙara kira nan da can, kullum Maude ya maimaita musu magana ɗaya, har suka gaji. Ba a sake tura wa kowa saƙo ba. Bayan 'yan makonni takarda ta shigo masa da sunan kamfanin, sun cire tarar da suka yi ta ɗorawa, sun yarda ya biya kashi kashi. A ƙarshenta akwai layi guda na ban haƙuri a kan abin da suka kira kuskuren wani ma'aikaci. Ba su tura wannan ban haƙurin ga ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda suka gaya wa ya mutu ba.

Makaranta ta biya shi albashinsa da ta riƙe, amma ta riga ta ɗauki wani direba. Da kuɗin ya fara rage bashin. Mai ɗakin sanyi na Kado, da yake ya san direba ne, ya ba shi motar kai kifi otal otal, da haka ya ƙarasa biya. Maganar kotu kuwa, ya je wurin lauya sau ɗaya, aka gaya masa yadda shari'ar za ta iya ja, ya ce zai yi tunani. Har yau takardun na nan a wurinsa, bai ce ya fasa ba.

Kubra ta dawo bayan arba'in. Tun ranar da ta faɗi ruwan nononta ya ɗauke, bai dawo sosai ba, da madarar gwangwani aka ƙarasa rainon Nafeesa. Ba ta taɓa yi masa gori ba. Abu ɗaya ta roƙe shi, kada ya sake kashe wayarsa ko me ake ciki. In ya yi jinkirin dawowa ko kaɗan, yakan tarar da ita tsaye a bakin layi da goyo.

Bayan damina ya je kasuwar shanu ta Dei-Dei kai wa Baffa saƙo. Yana ratsawa tsakanin turaku wani tsoho ya tsaya cak a gabansa, sanda a kafaɗa. Abokin mahaifinsa ne, wanda ya yi ƙaura da dabbobinsa can wajen Nasarawa. Tsohon ya daɗe yana kallonsa, leɓensa na motsi.

"Ɗan Buba? Ashe kana duniya?"

Labarin mutuwar ya kai masa, na gyaran bai kai ba. Maude ya durƙusa ya gaishe shi, ya ba shi labari a taƙaice. Tsohon ya yi ta girgiza kai.

"Wallahi tun ranar da na ji, ban yi sallar da ban sa ka a addu'a ba, kai da mahaifinka. Har sadakar nono na bayar."

"Allah ya saka da alheri, Baba. Kada ka daina."

"Ba zan daina ba," in ji tsohon. Ya kama hannunsa ya riƙe, ya ja shi zuwa inuwar wata rumfa, ya ce sai ya zauna ya gaya masa sunan jaririyar da kuma wanda ta yi kama da shi.